Murya ɗaya, fiyano ɗaya: inda waƙar Lied ke gyaruwa da inda take ɓaci

Lied waƙa ce ta Jamusanci da ake tsara wa murya ɗaya da fiyano ɗaya, a kan baitocin da wani sha'iri ya riga ya rubuta don a karanta. Ba makirufo, ba ƙungiyar makaɗa, ba kayan wasan kwaikwayo. Mawaƙi na tsaye a lanƙwasar fiyano yana fuskantar jama'a, makaɗi na zaune bayan kafaɗarsa ta dama, ko bakinsa ba ya gani sosai. Yawancin waƙoƙin ba sa wuce minti biyu zuwa biyar. Franz Schubert, wanda aka haifa a Vienna a 1797 ya rasu a 1828, ya bar fiye da 600. Robert Schumann ya rubuta fiye da 120 a cikin 1840 kaɗai, shekarar da ya auri Clara Wieck. Johannes Brahms da Hugo Wolf da Richard Strauss suka biyo sahu.

Wanda ya saba da waƙar da makaɗa da 'yan amshi ke bin bayan ubangidansu zai ɗauka nan ma haka abin yake. Ba haka ba ne. Rabin labarin yana hannun mai fiyano: shi ne sukuwar doki, shi ne gudun ƙorama, shi ne juyawar keken kaɗi a "Gretchen am Spinnrade" ta 1814. Mafi yawan ɓacin da ake ji a dandamali kuwa ba rashin murya ke jawo shi ba, ba kuma rashin yatsu ba. Abubuwa ne da mutum biyun ya kamata su zauna su daddale tun kafin ranar, suka bar su a rataye.

A ɗauki "Erlkönig", wadda Schubert ya tsara a 1815 yana ɗan shekara 18, a kan baitocin Goethe, aka buga ta a 1821 a matsayin aikinsa mai lamba ɗaya. Uba ne ke sukuwa cikin dare rungume da ɗansa, sarkin aljanun daji na yi wa yaron raɗa yana lallashinsa, yaro na kururuwa, uba na cewa hazo ne, iska ce cikin busassun ganye. Ko da suka isa gida, yaro ya cika. Gaɓa 148 ce duka (gaɓa a nan ita ce ɗan yankin da ake raba rubutun kiɗa da shi), kusan minti huɗu.

Hannun dama na mai fiyano yana maimaita oktaf, wato sauti ɗaya da takwaransa na sama a tare, uku-uku a kowane bugu, tun daga gaɓar farko. Gudun da aka rubuta a takardar waƙar shi ne bugu 152 a minti. Ninka shi uku, ka sami saukar hannu 456 a minti, fiye da bakwai a daƙiƙa. Fiyanon Vienna na zamanin Schubert na katako ne, gudumominsa ƙanana ne an naɗe su da fata, maɓallansa ba sa nutsewa sosai. Na yau yana da firam na ƙarfe, maɓalli na nutsewa kimanin milimita 10, kowane kuma na buƙatar nauyin kusan giram 50 kafin ya sauka. Wato abin da ya riga ya yi wuya a wancan lokacin ya ninka wuya yanzu. Shi kansa Schubert ya bar wani rubutu na waƙar inda ya mayar da uku-ukun biyu-biyu don sauƙi.

Ga yadda ɓacin ke zuwa, kuma kusan kullum a jere yake zuwa. Makaɗi ya fara da dukkan ƙarfinsa, yana ɗaga hannu sama a kowane duka. Kafin shafi na biyu ya ƙare wuyan hannu ya sandare. Gudu ya fara raguwa, sai ya danne feda, abin takawar da ke tsawaita sauti, don ya rufe asiri, sauti ya cakuɗe, mawaƙi ya daina jin inda bugu yake. Maganinsa daga farko ake shan sa. Yatsu su zauna a jikin maɓalli, kada a bar shi ya dawo sama gaba ɗaya kafin a sake danna shi, don injin fiyanon yau an yi shi ne ya iya maimaita sauti daga rabin hanya. A riƙa sauya tsayin wuyan hannu, gaɓa ɗaya sama kaɗan, ta gaba ƙasa kaɗan, don kada jijiya ɗaya ta ɗauki dukkan aikin. Duk inda hannun hagu ya sami sarari, ya karɓi sautin ƙasa na oktaf ɗin. Ƙarfi na buɗe waƙa ne kawai. Da murya ta shigo, a sauke. Akwai kuma wuraren hutu biyu da Schubert ya ajiye, lokacin da aljanin ya yi magana ta farko da ta biyu, inda salon kiɗan ke sauyawa. Wanda bai saki kafaɗarsa a nan ba, ba zai kai ƙarshe da lafiya ba, domin a magana ta uku babu hutu. A ganina gara a fara a 138 a ƙare a 138, da a fara a 152 a sauka a 120.

Shi kuma mawaƙi mutum huɗu yake ɗauke da su: mai ba da labari, uba, ɗa, aljani. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwaikwayon muryoyi, a ƙanƙance murya don yaro, a kumbura ta don uba, har abin ya koma wasan yara. Ba a bukatar haka, rubutun ya riga ya raba su. Uba na ƙasa, yaro na sama, aljani kuwa a hankali yake magana cikin sauti mai daɗi, kuma daɗin nan ne abin tsoron. Sau uku yaro ke kiran babansa da kururuwa. Ta biyu ta ɗara ta farko tsayin sauti da taki ɗaya, ta uku ta ƙara rabin taki, kowacce kuma na gogayya da sautin fiyano da gangan, rabin taki ne tsakaninsu. Mawaƙin da kunnensa ya ƙi wannan gogayya yakan zame ya bi fiyano ba tare da ya sani ba, ya kashe zafin wurin. Wanda kuma ya zuba duk muryarsa a kururuwar farko, ba shi da abin bayarwa a ta uku. A ƙarshe doki ya tsaya, fiyano ya yi shiru, akwai ɗan tsayawa kafin kalmomi biyun da ke faɗin mutuwar yaron, sannan duka biyu masu ƙarfi. Tsawon wannan tsayawa ba a rubuta shi da lamba ba. Sai an yi shawara, in ba haka ba ɗaya zai riga ɗaya.

Shawara ta gaba ita ce mazaunin sauti, wato daga wane tsayi za a rera waƙar. Jamusawa na kiran mazauni mai haske Dur, mai duhu Moll, kuma a lura, a rubutun kiɗansu harafin B rabin taki yake ƙasa da H; mutane da yawa sun sayi takardar da ba tasu ba saboda wannan. Schubert ya rubuta mafi yawan waƙoƙinsa don murya mai tsayi. Kamfanin Peters, a bugun da Max Friedlaender ya shirya, yana fitar da su hawa uku: na sama, na tsakiya, na ƙasa. A waƙa guda ɗaya babu wata matsala babba. A jerin waƙoƙi ne gizo ke saƙa.

"Winterreise", jerin waƙa 24 da Schubert ya tsara a 1827 kan baitocin Wilhelm Müller, tana cin minti 70 zuwa 75 ba hutu. A ɗab'in farko waƙa ta biyar, ta wata bishiya da matafiyin labarin ke tunawa, tana E Dur, ta shida kuma E Moll: gida ɗaya ne, fitila ce aka kashe. Haka ta 23 tana A Dur, ta 24 A Moll. In mawaƙi ya sauke wannan da taki ɗaya, waccan da taki biyu, don kowacce ta zauna masa daidai a maƙogwaro, wannan dangantaka ta tafi. Mai sauraro ba zai iya faɗin abin da ya ɓace ba, amma zai ji kamar an yi tsalle. Sai dai kada a mayar da abin addini. A rubutun hannun Schubert waƙar ƙarshe H Moll take, ta shida kuma taki ɗaya sama da inda aka buga ta. An sauke su ne kafin a kai ɗab'i. Ke nan akwai hanya biyu masu hujja, abin da ba shi da hujja shi ne zaɓe barkatai.

A "Dichterliebe" ta Schumann, waƙa 16 kan baitocin Heinrich Heine, sassaucin ya fi ƙaranci. Waƙar farko ba ta sauka ba, a rataye take ƙarewa, ta biyu ce ke karɓar ta, ta uku da ta huɗu kuma kowacce na fitowa daga ta gabanta. In za a sauke, a sauke duka da gwargwado ɗaya. Kuma a tambayi mai fiyano kafin a yanke, don saukewar da ta wuce taki ɗaya da rabi tana kai hannun hagu can ƙasa inda sautukan fiyanon yau ke kauri su haɗe, sai ya rage feda ko ya sassauta wasu sautukan ciki.

Lafazi kuwa yana da doka ɗaya da ta fi sauran: wasali a kan bugu, baƙi kafin bugu. Jamusanci na tara baƙaƙe uku ko huɗu a jere. In mawaƙi ya fara "schm" ko "spr" daidai kan bugu, wasalin zai iso a makare, makaɗi ya jira shi, waƙa ta ja ƙafa a kowane ɗango. Makaɗi nagari kunnensa na kan baƙin, hannunsa na sauka tare da wasalin. Dubi kalmar farko ta "Winterreise", fremd, wato baƙo. Haruffa biyar, wasali ɗaya. An ɗora ta kan sauti mafi tsayi a ɗangon, kafin bugu mai nauyi, kuma a hankali ake son ta. Dole f da r su fita kafin lokacinta, wasalin ya zauna, m ta yi gajeruwa, d ɗin ƙarshe ta fita kamar t, kamar yadda duk d da b da g ke ƙarfafa a ƙarshen kalma. Harshen da ya saba raba baƙaƙe da wasali zai so ya ce "furemit", gaɓa uku a wurin ɗaya, kuma rubutun ba shi da wurin ajiye biyun da suka ƙaru.

Mai jin Hausa yana da riba a wurare biyu. Ya san bambancin dogon wasali da gajere, ya kuma saba fara kalma mai wasali da hamza, wanda Jamusanci ma ke yi. Mawaƙa da yawa daga wasu harsuna sai sun yi shekaru kafin su daina manne kalmomi da juna. Amma akwai tarko. Baƙi biyu a jere, kamar nn a Sonne, ba ƙarfafawa ba ne irin namu, alama ce cewa wasalin da ya gabata gajere ne kuma buɗaɗɗe. A dogon sauti sai a riƙe wasalin a buɗe, n ta zo a ƙarshe, kada a rufe baki da wuri a yi ta gunji ta hanci. Don ü, ka ce i, ka bar harshe inda yake, ka tattara leɓe kamar za ka ce u. Ö kuma e ce da leɓen o. Ch iri biyu ce: bayan a, o, u daga maƙoshi take fita kamar kha ta Larabci, bayan i da e kuwa iska ce siririya a tsakiyar harshe. W ana furta ta da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa tare da murya, z kuma t ce da s a haɗe, ba tare da matsewar maƙogwaro ta ts ɗinmu ba.

Kafin duk wannan, a zauna da baitocin ba kiɗa. A fassara kalma bayan kalma da hannu, don fassarar da ke cikin ɗan littafin faifai tana sauya jeri, Jamusanci kuma yakan ajiye fi'ili a ƙarshen jimla. Wanda bai san inda fi'ilin yake ba zai ja numfashi a gabansa ya yanke maganar biyu. A karanta da ƙarfi har ta zauna, sannan a faɗe ta bisa ƙidayar bugu, sannan a rera da wasula zalla, sai a mayar da baƙaƙen.

Gudu ma daga nan yake fitowa. Mai fiyano ne ke kafa shi a gabatarwa, mawaƙi ne ke biyan kuɗinsa da numfashi. Hanya mai sauƙi: a nemo ɗango mafi tsawo a waƙar, mawaƙi ya rera shi da numfashi ɗaya ba tare da ya matse ƙarshensa ba, a auna da metronom, na'urar ƙidayar bugu, a ƙara bugu biyu ko uku a kai saboda fargabar dandamali na cin iska. "Nacht und Träume" ce ke tona asirin wanda bai yi haka ba: an rubuta a tafi sannu ƙwarai kuma a hankali daga farko har ƙarshe, gaɓa huɗun farko na makaɗi ne shi kaɗai, in ya yi jinkiri a nan don yana jin daɗin sautinsa, ya rataye abokinsa. A "Du bist die Ruh" kuma murya na hawa har ƙololuwa, sai gaɓa guda cur ta shiru. A ƙirga ta cikakkiya, a ɗaga ƙafa daga feda. Tsoro ne ke sa a gajarta ta.

Akwai saɓanin da har yau ba a gama ba a "Wasserflut", ta shida a "Winterreise". Hannu ɗaya na raba bugu uku, ɗaya na yin dogo da gajere. In an bi lissafi, sautin ƙarshe na uku-ukun na faɗuwa a kashi biyu bisa uku na bugun, gajeren kuma a uku bisa huɗu. Tazararsu ɗaya bisa goma sha biyu. Wasu na haɗa su wuri ɗaya, suna cewa haka al'adar rubutun zamanin take. Wasu na raba su don a ji kamar ƙafa na jan baya cikin ƙanƙara. Na fi son rabawar, amma duk wanda aka zaɓa a riƙe shi har ƙarshe. Haka nan alamar da tsofaffin bugu suka ɗauka ta rage sauti ce, Walther Dürr, wanda ya shirya bugun Bärenreiter, ya karanta da yawa daga cikinsu a matsayin alamar nauyi kan sauti ɗaya. Mawaƙi da makaɗi su tabbata ɗab'i ɗaya ke gabansu.

Masu rerawa sun rabu kusan gida biyu, masu bin kalma da masu bin zaren sauti. Dietrich Fischer-Dieskau, ɗan Berlin, 1925 zuwa 2012, shi ne jagoran na farko. Tsakanin 1966 da 1972 ya ɗauki waƙoƙin Schubert fiye da 400 tare da mai fiyano Gerald Moore, ya kuma sake ɗaukar "Winterreise" sau da yawa: da Moore, da Jörg Demus, da Daniel Barenboim, da Alfred Brendel, da Murray Perahia. Kowace kalma yana ba ta launinta. Masu sukarsa na cewa yana ja wa waƙa layi a ƙarƙashi kamar malami da jan biro, kuma a faifansa na baya-baya sukar na da ƙamshin gaskiya. Irin wannan aka riƙa faɗa wa Elisabeth Schwarzkopf, duk da cewa a waƙoƙin Wolf, inda kowace gaɓa ke da nufi, salon nata ya dace. Fritz Wunderlich, wanda ya rasu a 1966 bai cika 36 ba, yana ɗaya gidan: "Dichterliebe" da "Die schöne Müllerin" da ya yi da Hubert Giesen zare ne da ba ya tsinkewa, kalmomin na fita tsaf ba tare da an nuna su da yatsa ba. Mai koyo ya fara da shi, don wanda ya kwaikwayi Fischer-Dieskau kafin muryarsa ta zauna, cizon kalmomin kawai zai ɗauko.

Don a ji yawan abin da fiyano ke yankewa, a saurari "Winterreise" ta Hans Hotter da Moore ta 1954, sannan ta Peter Pears da Benjamin Britten ta 1963, sannan ta Peter Schreier da Sviatoslav Richter da aka ɗauka kai tsaye a Dresden a 1985. Britten mai tsara kiɗa ne, yana fito da sautukan ciki da wasu ke binnewa. Richter na tafiya sannu har sai ka ji tausayin huhun Schreier. Mata ma sun rera jerin, duk da matafiyin namiji ne: Elena Gerhardt da Lotte Lehmann tun da, Christa Ludwig da Brigitte Fassbaender daga baya. A yau mawaƙi Christian Gerhaher da mai fiyano Gerold Huber, waɗanda suka yi shekaru da dama tare, su ne misalin mutum biyu da ke numfashi lokaci ɗaya. Mai fiyano Graham Johnson kuma ya ɗauki dukkan waƙoƙin Schubert wa kamfanin Hyperion a faifai 37 da mawaƙa daban-daban.

Saura murfin fiyano, wanda ake yawan faɗa a kansa. Mawaƙa na neman a rufe don kada a danne su. Moore ma da tambayar ko ya cika ƙara ya raɗa wa littafin tarihinsa na 1962 suna. Amma rufewa ba ta rage ƙarfi sosai, dusashe sauti take yi, makaɗi ya daina jin kansa, ya ƙara dannawa. A buɗe murfin a dogon sanda ko gajere, a sa wani ya zauna a layin baya lokacin gwaji, a kuma tuna zaure cike da mutane na shanye sauti fiye da wanda ba kowa. A zaure irin Wigmore Hall na Landan, mai kujera kusan 550, ba a tafi tsakanin waƙoƙin rukuni ɗaya, kuma mawaƙi ba ya sakin fuska in muryarsa ta ƙare: "Dichterliebe" na rufewa da dogon kiɗan fiyano shi kaɗai, yana tsaye a ciki har sautin ƙarshe.

Mai farawa ya ɗauki gajeru masu karin murya ɗaya, irin "Heidenröslein" mai baiti uku ko "An die Musik" mai biyu, sannan "Das Wandern" mai biyar, inda kiɗan bai sauya ba amma baiti na ruwa ne, wani na ƙafafun injin niƙa, wani na duwatsu, dole hannu da murya su bambanta su. A irin waɗannan ne ake yawan musanya ɗangon baiti na uku da na huɗu, don haka a haddace kalmar farko ta kowane baiti daban, makaɗi kuma ya rubuta su da fensir a saman takardarsa.